Daga Jega Zuwa Yamai Neman Edita

Tun da na dawo daga Yamai ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. A majalisarmu ta bakin tasha, da ƙofar masallaci bayan la'asar, har wurin mai gyaran babur, tambaya ɗaya ce: "Malam Ummaru, yaya can ɗin yake?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya na ji wani yana cewa wai an tsare ni kwana biyu a kan iyaka. Ba a tsare ni ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi bi da bi. Wanda ya sake tambaya, takarda zan miƙa masa.

Sai na fara da dalilin tafiyar, don tafiya ba dalili yawo ce.

Ni ban yi jami'a ba. Sakandare na gama, na buɗe shagon buga takardu a Jega, a nan na koya wa kaina rubuta manhajar kwamfuta da tsofaffin littattafai da haƙuri. Mu uku muke aiki tare: ni, da Bashar ɗan Aliero wanda ya yi digiri a fannin, da Malama Hauwa'u, malamar lissafi a Maiyama, wadda take zuwa Asabar da Lahadi.

Alhaji Garba, shugaban direbobin da ke lodin albasa a Aliero, shi ya ba mu aiki. Kowace kaka sai an yi rikici kan layi. Ana rubuta lambobin motoci a allo da alli, wani ya goge, wani ya rantse shi ya riga zuwa. Ya ce mu yi masa manhajar da za ta rubuta mota da zarar ta iso, ta kuma aika wa direba saƙo a waya idan layinsa ya matso. Ya ƙara da cewa, "In motar farko ta yi lodi ba ku gama ba, Sakkwato zan kai aikin. Ba ni son dogon turanci."

Matsalarmu edita ce. Edita ita ce manhajar da mai kod, wato mai rubuta wa kwamfuta umarni, yake rubutu a cikinta, kamar tela da kekensa. Ba zan ambaci sunayensu na ainihi ba, don ba talla na zo yi ba. Sunayen da muka laƙaba musu a shago sun isa. Ta Bashar muna ce mata Roka, sunan babbar motar kaya: babba ce, tana ƙarasa maka kalma, tana nuna kuskure, amma kafin ta buɗe a tsohuwar kwamfuta ka yi alwala ka dawo. Tawa Keke ce, ba nauyi, ba ado. Ta Hauwa'u tana tsakiya, sai muka ce Akori-kura. Aikin kuma a filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, muke miƙa wa juna. Wata Asabar, Rokar Bashar ta sake jera layukan fayil ɗinmu duka yadda take so, shi kuma ya kwafa a kan na Hauwa'u. Aikinta na mako guda ya tafi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki jakarta ta ce, "Malam, ran da kunka shirya ku kira ni. Ba ni baro Maiyama don in riƙa cika tulu maras gindi."

Saura mako biyar a fara lodi, kuma Hauwa'u ce ta san lissafin layin. Wani direba ya gaya mini cewa a Yamai akwai wata mata, Madam Ramatu, wadda ita da mutanenta suka yi wa masu motocin can irin wannan aiki. Na kira ta, ta ce in zo. Na rubuta tambayoyi uku a takarda. Na farko: wace edita ce ke buɗewa da sauri a tsohuwar kwamfuta? Na biyu: wacce ke aiki ba intanet? Na uku: wacce ba ta shanye batir? Niyyata in dawo da suna ɗaya in ɗora wa kowa, magana ta ƙare.

Zango na farko, Jega zuwa Kamba. Na fito bayan sallar asuba na hau mota, muka bi ta Kalgo da Bunza. Kusa da ni wata dattijuwa ce, Hajiya Inno, mai fataucin atamfa, wadda ta san hanyar kamar tafin hannunta. Ta ga na rungume jakar kwamfuta a ƙirji, ta ce, "Ɗana, jinjiri na kaka goyo?" Na ce kayan aiki ne. Ta ce, "To ka sassauta mai, kar ya shaƙe." Bayan Bunza taya ta fashe, direba kuma ba shi da jak. Na gaya masa gaskiya: mai mota ba jak kamar manomi ne ba fartanya. Bai ji daɗi ba, amma sauran fasinjoji sun ce haka ne. Muka jira awa guda kafin wata mota ta ara mana.

Zango na biyu, iyaka. Takarduna suna cikin leda, a jere: katin shaida, takardar tafiya, katin rigakafi. A ɓangarenmu ba a ɓata mini lokaci ba. A ɓangarensu wani jami'in duwan, wato kwastan ɗinsu, ya ce in buɗe kwamfutar. Na kunna, Keke ta fito da baƙin allo da rubutu kore da ja. Ya ja baya kaɗan.

"Mi ne ne wannan? Hausa ko nasaranci?"

"Ranka ya daɗe, ba ko ɗaya. Umarni ne ake ba na'ura."

"Umarnin mi?"

Na bayyana masa layin motocin albasa, tun daga isowar mota har fitarta. Ya leƙa waje inda manyan motoci suka yi cirko-cirko, direbobi suna ta hayaniya, ya yi dariya ya ce, "Malam, in ka ƙare tasu ka zo ka yi muna tamu." Ya miƙo mini kayana. Wannan ita ce duk tsarewar da ake ta yayatawa, kuma ba ta kai minti ashirin ba. Hajiya Inno ta ce na yi sa'a, ita dai ta ɗauka zan fara yi masa darasi da alli.

Zango na uku, Gaya ta tsallaken iyaka zuwa Dosso zuwa Yamai. A Dosso muka tsaya cin abinci. Burodinsu dogo ne kamar sanda, bayansa da tauri, ana tsaga shi a zuba nama da albasa. Cizon farko ya kankare mini dasashi. Hajiya Inno ta ce, "Ba a yi mai gaggawa, ba irin naku na ba da ka matse shi ya koma ƙwallo." Na duba albasar da kyau, don mu mutanen wannan yanki ba a yi mana burga da albasa. Tasu ja ce mai kyau, ban ƙi ba. Amma ta Aliero ta fi cika ido, kuma na faɗa wa mai naman haka.

Masauki na samu kusa da kasuwa, ɗaki ɗaya da fanka da buta. Mai gidan wani tsoho ne Bazabarme, gaisuwarsa "Fofo," yana jin Hausa daidai gwargwado. Na ciro caja zan sa, sai na ga ramukan soket ɗinsu biyu ne, zagayayyu, tawa kuwa mai ƙafa uku ce masu kusurwa. Tsohon ya ce in kawo ya yanke kan, ya cusa wayoyin tsirara, haka baƙi ke yi. Na ce a'a. Abin da ban yarda a yi a shagona ba, ba zan yi a gidan mutane ba. Da safe na sayi ɗan abin da ke haɗa su a kasuwa. Duk mai zuwa can ya riƙe wannan: ya nemi nasa tun daga Kamba.

Neman abin cajin ya ci mini safiya, na isa wurin Madam Ramatu ƙarfe ɗaya, na tarar da ƙofa a rufe. Ashe su da rana ta take sai kowa ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, sai wajen ƙarfe uku a dawo. A Jega wanda ya rufe shago a wannan lokaci sai a tambaya ko rasuwa aka yi. Na zauna gindin bishiya na jira, na ci dambu da zogale wurin wata mata. Wannan kam ya yi, ba ni da abin cewa.

Madam Ramatu mace ce mai kimanin shekara arba'in, ba ta da yawan magana. Mutum shida ke aiki ƙarƙashinta. Na zaga bayansu ina duba allunansu, abin da na gani ya tayar mini da hankali: kowa da editarsa. Ga masu Roka, ga mai Akori-kura, ga wasu da ban taɓa gani ba. Na ce, "Madam, gafarta mini, nan ba shugaba ne?"

Ta ce, "Akwai. Mi ka gani?"

Na miƙa mata takardata. Ta karanta tambayoyin uku, ta ce suna da kyau, sannan ta karɓi birona ta rubuta ta huɗu a ƙasa: mutum uku za su iya aiki ɗaya ba tare da wani ya taka na wani ba?

"Wagga ita ta kawo ka, Malam," in ji ta. "Sauran ukun rakiya sunka yi."

Ta nuna mini abu biyu. Na farko wani ɗan fayil ne da bai kai layi goma ba, a cikinsa an rubuta ƙa'idar jera kod: tazara nawa, ina layi ke ƙarewa. Kowace edita, babba ko ƙarama, ana saita ta ta karanta shi ta bi. Ke nan Roka ba ta da ikon sake jera aikin kowa. Na biyu wata manhaja ce mai ajiye tarihin kowane gyara, da sunan wanda ya yi, da dalilinsa. In biyu sun taɓa wuri ɗaya, ba ta bari na baya ya danne na farko, sai ta tsayar da su su daidaita. Na ji sunanta a da, amma na ɗauka kayan manyan kamfanoni ne masu intanet dare da rana. Ta ce ko kaɗan, tana aiki ba intanet, tsohuwar kwamfuta ɗaya a shago ta isa ta zama ma'ajiya. Ni na sa mata suna Rudu, irin rumbun da muke ajiye albasa.

Rana ta biyu ta zaunar da ni a wata kwamfutarsu in koya da hannuna. Dokarta ita ce duk ƙaramin gyara in na gama, in ajiye a Rudu in rubuta dalili. Na yi gunaguni a zuci, na ga ɓata lokaci ne, amma na bi, don baƙo ba ya gyara wa mai gida shimfiɗa. Kusa da ni wani ma'aikacinta ne, Isufu, mai bakin tsiya. Tun da ya ga Keke a kwamfutata yake cewa, "Baba, wagga tun zamanin da anka gina gadar kogi taka?"

A nan na yi abin kunya, kuma zan faɗe shi yadda ya faru. Shekara goma sha wani abu ina bugu ba na duban maɓallai. Su kuma jerin haruffansu na Faransa ne, an sauya wa wasu wuri. Tun safe nake lallaɓawa ina dubawa, amma da aiki ya yi daɗi sai na manta. Na yi kuskure a layi, hannuna ya tafi da kansa inda na saba danna "koma baya." A nasu maɓallan, harafin da ke wurin na rufe fayil ne. Wani akwati ya fito da tambaya da Faransanci, da zaɓi uku. Da na tambaya da an gaya mini. Girman kai ya hana, na danna na tsakiya. Ashe cewa na yi kar a ajiye.

Allo ya yi fari. Na tuna fuskar Hauwa'u ranar da ta ɗauki jakarta, kuma sai a wannan lokacin na san abin da ta ji.

Isufu ya ce, "Baba ya kashe ta da hannu nai!" Ɗakin ya ɗauki dariya.

Madam Ramatu ta taso ta ce, "Yaushe ka ajiye na ƙarshe?" Na ce bai fi minti goma sha biyar ba. Ta buga layi ɗaya, aikina na tun safe ya dawo, kowane mataki da dalilin da na rubuta da hannuna. Na mintin sha biyar ɗin nan kawai ya tafi. Na ciro takardata na ja layi biyu ƙarƙashin tambaya ta huɗu.

Rana ta uku Allah ya rama mini. Da hantsi intanet ya yanke a unguwar, can kuma wuta ta bi shi. Suna da gyaran gaggawa da za su miƙa wa wani mai motoci kafin la'asar. Rokokinsu suka fara shan batir kamar rakumi a bakin rijiya, kuma duk bayanin da suke nema a intanet suka saba duba shi. Isufu ya riƙe kai, yana neman yadda ake kiran wani umarni ya kasa tunawa. Ni kuwa mutumin Jega ne, rashin wuta da rashin sabis ba baƙi ba ne a wurina. Littafin bayanin harshen kod ɗin gaba ɗaya yana cikin kwamfutata, na sauke shi tun shekarun baya, na jera shi babi babi. Na buɗe Keke, na nemo masa shafin. Da batirinsa ya mutu, muka kwaso aikin daga Rudu zuwa tawa, yana faɗa ina bugawa, a kan maɓallan da hannuna ya sani. Muka gama, batirina bai kai rabi ba.

Na ce, "Isufu, yaya gadar kogi?"

Ya ce, "Baba, tana nan tsaye. Na tuba."

Madam Ramatu ta sa kowa ya kwafi littafin, ta ce daga yau doka ce a wurinta. Suka dafa mini shayinsu na ƙananan kofuna, zagaye uku, na farko da ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Na sha duka ukun, don an ce barin na uku rashin ladabi ne.

Kafin in taho na yi gwajin da ya kawo ni. Na sa editocin uku a tsohuwar kwamfutata, na cire caja, na kashe intanet, na ajiye agogo a gefe. Roka ta faɗi tambaya ta farko da ta uku. Keke ta ci duka ukun, amma da na dasa kuskure da gangan ba ta ce uffan ba. Akori-kura ta biyo Keke a sauri, kuma ta ja wa kuskuren jan layi nan take. Na maimaita sau uku don kar in zalunci kowa. Sakamakon bai sauya ba: a kan irin kwamfutocinmu, zaɓin Hauwa'u ya fi nawa. Ban ji daɗi ba, amma na rubuta.

Dawowa ba wani labari, sai dai jami'in nan na iyaka ya gane ni ya ce, "Mai layi, ina tamu?" Na kwana ɗaya a Jega, washegari na hau mota zuwa Maiyama. Na sami Hauwa'u ta taso daga makaranta, muka gaisa a zauren gidansu, mijinta yana zaune. Na ce, "Malama, abu uku na zo da su. Na farko, haƙuri, don laifin nawa ne, ni ne babba kuma ni na bar aiki a filash. Na biyu, editarki ta ci gwaji. Na uku, zo ki gani." Na buɗe kwamfuta, na goge fayil ɗin gaba ɗaya a gabanta. Ta dafe ƙirji. Na dawo da shi daga Rudu.

Ta ce, "Sake in gani." Na sake. Ta ce, "To Bashar fa? Shi da Roka tai sai mutuwa."

"Ya riƙe abarsa, tunda kwamfutarsa na iya ɗauka. Amma za ta bi ƙa'ida kamar kowa."

Mijinta ya ce, "Malam Ummaru, yau kai ne da ba da haƙuri? Lallai tafiya ta yi albarka."

Asabar ta zo. Na kafa dokoki a shago, na manna a bango: kowa da editar da ya ga dama, amma ta bi fayil ɗin ƙa'ida; ba gyaran da zai kwana bai shiga Rudu ba; littafin bayani ya zauna a kowace kwamfuta; wanda zai fara koyo a wurinmu da Akori-kura zai fara. Bashar ya so ya yi gardama, ya ce ai duk an koya musu wannan a jami'a. Hauwa'u ta ce, "To mi ya hana ka faɗi tun ran nan?" Amma in faɗi gaskiya, Bashar ɗin shi ya fi mu saurin saita komai. Sau biyu a makonnin nan shi da ita suka taɓa wuri ɗaya, sau biyu Rudu ta tsayar da su suka daidaita, ba wanda ya ɗauki jaka.

Muka gama saura kwana shida. Ranar lodin farko muna Aliero tun da sassafe, buhunan albasa daga Sabiyal da ƙauyukan kewaye sun cika fili. Wajen ƙarfe goma wani mai babbar mota ya taso yana cewa shi ya riga wani mai ƙaramar mota isowa. Mutane suka fara taruwa kamar yadda aka saba. Alhaji Garba ya juya allon kwamfuta ya nuna masa lokacin isowar kowa, ya ce ya duba saƙon da ke wayarsa. Mutumin ya duba, ya yi tsaki, ya koma motarsa. Ƙaramar ta shiga ta yi lodi.

Da rana ta yi, Alhaji Garba ya sa aka sauke tsohon allon alli aka jingine shi bayan rumfa. Ya zo inda muke zaune mu uku, ya ce, "Malam Ummaru, an ce har Yamai ka tai kan gardamar Roka da Keke. To wace ta ci?"

Na nuna masa ƙaramar motar nan tana fita da kayanta, babbar tana biye a bayanta.

Na ce, "Alhaji, ko a tasharka ba girman mota ke lodi ba. Layi ne."